Wanda Ya Buge Ni Ba Shi da Inshora: Wa Zai Biya?

Tambaya: Ina tsaye a danja wani ya daki motata ta baya, bamba ta tsage, but ya ƙi rufuwa. Da aka duba takardu, ashe inshorarsa ta daɗe da ƙarewa. Ni tawa na nan da rai. Ya ce mu sasanta, zai riƙa biyana kaɗan-kaɗan. In yarda?

Amsa: Malam, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka yarda tukuna, sai ka ɗauko takardar inshorarka ka ga wace iri ce.

Idan ƙaramar ce, wadda doka ke tilastawa, ba za ta gyara maka ko fitila ɗaya ba. Aikinta biyan ɓarnar da kai ka yi wa wani. Idan kuwa cikakkiya ce, kamfaninka zai gyara motar, ya cire kason da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka daga aljihunka, sannan ya bi wancan direban ya karɓo abin da ya kashe. A nan ne sasantawa ke cutar da mutane. Da zarar ka sa hannu cewa ka yafe, ko ka karɓi wani abu a matsayin biyan ƙarshe, ka toshe wa kamfanin hanyar bin bashinsa, shi kuma yana iya cewa ba zai biya ka ba. Haka nan in ka kai wa mai gyara kafin jami'insu ya zo ya ƙiyasta ɓarnar. Duba wa'adin sanar da haɗari da ke cikin takardar, yawanci kwanaki ne ƙalilan.

Ka tanadi rahoton 'yan sanda, hoton lambar motarsa da lasinsa, hoton inda motocin suka tsaya, da lambar wayar shaida ko da mutum ɗaya ne. Ka sa a ɗaga kafet ɗin but a duba ƙarfen ƙasa. But da ya ƙi rufuwa sau da yawa alama ce ta lanƙwasa a ciki, kuma kuɗinta ya fi na bamba nesa.

Idan ƙaramar inshora ce da kai, haƙƙinka na wuyan direban. Binciki wane ne mai motar ma: in direban ɗan aike ne yana bakin aikin ubangidansa, a dokokin ƙasashe da yawa ana iya haɗa ubangidan a ƙara. Amma cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban, shi ya sa ba ma raina sulhu. A dai rubuta shi: jimillar kuɗi, ranakun biya, shaidu biyu, da sharaɗin cewa in ya saɓa za ka tafi kotu. In akwai rauni a jiki, kada ka rufe magana sai likita ya gama dubawa, don ciwon wuya kan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wasu ƙasashen na da asusun biyan waɗanda direba marar inshora ya buge. Birtaniya ta kafa nata a 1946, kamfanonin inshora ke zuba masa kuɗi, Faransa kuma a 1951. Tambayi hukumar inshora ta ƙasarku ko akwai irinsa.

Tambaya: Ni ce ba ni da inshora, amma shi ya buge ni. Na rasa haƙƙina ke nan?

Amsa: A'a, Malama. Rashin inshora laifi ne tsakaninki da hukuma, tara ce ko kama mota, ba shi ke nuna wa ya jawo haɗari ba. Za ki iya neman diyya daga kamfaninsa. In an ce kashi 30 na laifin naki ne, a wurare da yawa kashi 70 za a ba ki. Sai dai wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya tun 1996, suna hana marar inshora diyyar wahala da raɗaɗi, asarar kuɗi kamar na asibiti da na gyara kawai za a biya shi.