Me ya sa hoto ke dushewa bayan bugawa?

Malam, ka ce hotunan littafinka fes suke a kwamfuta, amma da aka buga sai suka dushe. Ƙarancin ɗigo ne, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoton da zai ci inci 4 a takarda sai ya kai ɗigo 1200 a faɗi. Ka ja shi ya ninka girmansa, lissafin ya koma 150, shi ke nan ya lalace. A InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, duba Effective PPI, wato yawan ɗigo a kowane inci a girman da ka sa hoton, a cikin Links, inda ake jera hotunan.

Hoton WhatsApp kuwa, ni na daina karɓarsa, matse shi ake yi. Nemi na asali.

Kafin a buga duka, ka sa mai maɗaba'ar ya fitar maka da gwaji, ka kuma tambaye shi batun CMYK, tsarin launuka huɗu da ake bugawa da su.