Muryata tana fita kamar daga cikin rijiya, me zan yi?

Ƙanena, ka ce kana ɗaukar waƙa da waya a ɗakinka nan Maradi, amma murya tana amsa kuwwa, kana tunanin sayen makirfo mai tsada. Ka dakata tukuna. Ɗakin ne matsalar.

Bangon siminti da rufin kwano suna maido da sauti, makirfo kuma yana kwashe duka. Ni katifa nake jinginawa a bango, in rataya bargo mai kauri a bayana, in shimfiɗa darduma a ƙasa. Tafa hannu sau ɗaya kafin ka yi haka, ka sake tafawa bayan ka gama, kunnenka zai ji bambanci. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje, kada ka wahalar da kanka.

Kashe fanka ko da zafi ya dame ka, kuma ka bari sai dare ya yi, kabu-kabu sun rage zirga-zirga.

Tsakanin bakinka da makirfo ka bar kamar santimita 15. Ka ɗaura safa siririya a kan zoben ƙarfe a tsakani, tana tare iskar da ke fita da ƙarfi daga baki. In da kalangu ko gurmi, ɗauki kowanne shi kaɗai, sannan ka haɗa a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, kyauta ce. Allurar da ke nuna ƙarfin sauti kada ta taɓa ja, ta tsaya wajen -12 dB, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

Ka adana a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil.