Wai rashin haihuwa alama ce an cire mini albarka?

Tambaya: Baba Fasto, ina wuni. Shekara 7 da aurenmu ba haihuwa, maigidana kuma aikinsa ya tsaya. Wani mai kiran kansa annabi ya ce la'ana ce daga gidan ubana ta rufe mini albarka, sai na shuka iri, wato in ba shi naira dubu 150, kafin ya ba ni man shafawa. Har na sa keken ɗinkina a kasuwa. Baba, da gaske Allah ya juya mini baya ne? Ko barci ba na iya yi.

Amsa: Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Da farko dai ki janye keken nan daga kasuwa yau ɗin nan.

Tunda ke 'yar ikkilisiya ce ba sai na koma Farawa 12 inda Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin albarka ba, kin san 'ya'ya da lafiya da abin hannu kyauta ce daga Allah, ba mai musu. Inda ake cutar mutane shi ne a ce wanda ba shi da su la'ananne ne. Ki buɗe Luka 1:6-7. Zakariya da Alisabatu an shaide su masu adalci ne a gaban Allah, aya ta gaba kuma ta ce ba su da ɗa har suka tsufa. To la'anar gidan wa ke nan? A Yahaya 9 almajirai sun yi irin tambayarki a kan wanda aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Waɗanda ya kira masu albarka a Matiyu 5 kuwa har da masu makoki da waɗanda ake tsananta wa, wato suna cikin wahalar ya kira su haka, domin Allah yana tare da su kuma Mulkin nasu ne.

Wannan maganar shuka iri kuwa gaskiya ta ishe ni, kullum sai wani ya zo ofis yana hawaye, wannan ta sayar da akuya, wancan ya ci bashi da ruwa, an ba su mai a 'yar kwalba irin wanda ake samu a kowane kemis, in abin bai yi ba a ce bangaskiyarsu ce ƙarama, su ƙaro kuɗi. Haba! Za su karanto miki Maimaitawar Shari'a 28 da Malakai 3:10 masu maganar albarka ga mai biyayya da mai ba da zakka, amma alkawari ne da aka yi da Isra'ila a matsayin al'umma a ƙasarta, ba rasit ba ne da za ki kai wa Allah ya biya ki. Me ya sa ba sa karanta Ayyukan Manzanni 8, inda Siman ya kawo kuɗi zai sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa? Bulus da kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya a jiki, aka ce alheri ya ishe shi, ba a ce ya ƙara baiko ba. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da Boko Haram ta kora daga hedikwatarsu a Kwarhi ta jihar Adamawa a 2014, wa zai dubi idonsu ya ce rashin shuka iri ne ya jawo musu? Shi annabin naki, ki tambaye shi wace ikkilisiya ta naɗa shi, wa yake duba littafin kuɗinsa, ki ga yadda zai canja fuska.

In shafan mai kike so, Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ba a sa farashi ba. Ki gaya wa fastonki da uwar zumuntar mata halin da kike ciki. Sannan ku je asibiti ku biyu, a gwada maigidan ma, don sau da yawa mace kaɗai ake ta ɗora wa laifi alhali ba a taɓa duba namiji ba. In kin riga kin ba mutumin nan wani abu, ki tafi da dattijo ɗaya ku karɓo.