Lofen Sherlock Holmes: daga littafi ya fito ko daga fim?

Tambaya: Malam, ina sha'awar tsofaffin finafinan binciken laifi na Turawa. Duk hoton Sherlock Holmes da na gani, yana riƙe da wani ƙaton lofe mai lanƙwasa kamar wuyan gora. Haka marubucin ya siffanta shi? Kuma me ya sa masu bincike a finafinan da ba sa rabuwa da lofe? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, idonka ya gani daidai, domin wuyan gora ne kuwa. Irin wannan lofe da duma ake yin sa, dumar nan da muke fafe ƙwarya da ludayi da ita. A Afirka ta Kudu aka shahara da sana'ar: tun ɗan duman yana ɗanye ake tanƙwara wuyansa, in ya bushe a yanke, a dasa masa 'yar tukunya ta farin dutse mai laushi a baki, inda ake zuba tabar. Ya bazu a Ingila ne bayan yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Bowa, wato jikokin Turawan Holan da suka zaune a Afirka ta Kudu, tsakanin 1899 da 1902. To amma Arthur Conan Doyle ya fito da Holmes tun 1887, kuma a labarai 60 da ya rubuta a kansa, dogaye 4 da gajeru 56, babu inda ya ambaci lofen duma ko sau ɗaya.

Abin da ke cikin littafi ya fi wannan ban sha'awa a wurina. Holmes yana da wani tsohon baƙin lofe na yumɓu, mai maiƙo, wanda yake ɗauka idan tunani ya yi zurfi. Yana da wani dogo na icen ceri, wanda abokinsa Dokta Watson ya ce sai ran da yake jin gardama yake janyo shi. Tabarsa mai ƙarfi ce mai arha, kuma a cikin wani takalmin Farisa yake cusa ta. A wani labari na 1891 ya ce wa Watson matsalar da ke gabansa ta lofe uku ce, ya roƙe shi kada ya yi masa magana har minti hamsin. A wani kuma ya tara matasan kai, ya harɗe a kansu, ya kwana yana busa hayaƙi, gari na wayewa ya gano bakin zaren. Sidney Paget, wanda ya riƙa zana hotunan labaran a mujallar Strand, miƙaƙƙen lofe yake ba shi.

Lanƙwasar daga dandalin wasan kwaikwayo ta samo asali. William Gillette, ɗan wasan Amurka, ya fara fitowa a matsayin Holmes a 1899, ya kuma yi wasan fiye da sau dubu. Shi ya zaɓi lofe mai lanƙwasa, kuma dalilin da aka fi bayarwa mai sauƙin ganewa ne: miƙaƙƙen lofe yana tare baki, yana rawa in ana magana, shi kuwa lanƙwasasshe yana sauka ƙasan haɓa, 'yan kallo su ga fuska sarai. Gillette ya maida wasan fim marar sauti a 1916. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai a 2014 aka tsinci kwafinsa a ma'ajiyar finafinai ta Faris. Daga baya Basil Rathbone ya yi finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, da lanƙwasasshen lofe a baki, su ne suka kafa wannan kama a idon duniya. Masu zanen barkwanci da masu talla suka ƙara wa abin girma, tunda ƙaton lofen duma da hular farauta sun isa a gane mutumin ko da inuwarsa kaɗai aka zana.

Sashe na biyu na tambayarka shi ne inda maganar take da nama. Aikin mai bincike tunani ne, tunani kuwa kyamara ba ta ɗaukarsa. Marubuci yana iya cika shafi biyu da abin da ke yawo a kan mutum, amma darakta in ya bar ɗan wasa zaune shiru, 'yan kallo za su ce fim ya tsaya. Lofe ya warware wannan. Dubi yadda abin ke tafiya: mai bincike ya jefa wa wanda ake zargi tambaya, sannan ya sunkuyar da kai yana ɗura taba, ya danna ta da babban yatsa, ya ƙyasta ashana, ya zuƙa sau biyu, wutar ta mutu, ya sake ƙyastawa. Duk wannan lokacin wancan yana ta zufa, mu kuma muna kallon fuskarsa. Sigari ba ta ba da wannan jinkiri. Shi ya sa masu binciken finafinan Amurka na shekarun 1940, irin waɗanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsu, sigari suke sha, domin su mutanen titi ne masu gaggawa da naushi. Mai lofe kuwa mutumin kujera ne, mai haƙuri.

Doyle kansa ya maida lofe shaida. Holmes yana alfahari da ɗan littafin da ya rubuta kan yadda ake bambance tokar taba iri 140. A wani labari na 1893, baƙo ya manta lofensa a ɗakin, Holmes ya juya shi a hannu ya ce mai shi bahago ne, saboda gefen dama ne ya ƙone, alamar da hannun hagu yake kara shi a fitila. Ya ce kuma yana ji da lofen, tunda sau biyu aka ɗaure karayarsa da azurfar da ta fi kuɗin lofen tsada.

In kana son ganin lofe a hannun wanda ya fi dacewa da shi, ni dai Maigret zan nuna maka, kwamishinan 'yan sandan Faris da Georges Simenon, ɗan Beljiyam, ya rubuta littattafai 75 a kansa daga 1931 zuwa 1972. Holmes yana shan lofe ne don ya rufe ƙofa tsakaninsa da mutane. Maigret kuwa a tsakiyar mutane yake shan nasa, a shagon shayi ko a ɗakin mai gadi, yana saurare har sai ya fahimci abin da ya kai mutum ga kisa. Jean Gabin ya yi shi sau uku a silima, daga 1958 zuwa 1963. A talabijin ɗin BBC, Rupert Davies yakan buɗe shirin da ƙyasta ashana a jikin bango ya kunna lofe, har a 1964 aka ba shi kambun mashayin lofe na shekara, shi ne na farko da ya samu. Bruno Cremer ya yi kashi 54 a talabijin ɗin Faransa daga 1991 zuwa 2005, kuma nasa ne na fi so, saboda bai taɓa sa lofen ya zama ado ba.

Holmes mafi kusa da littafi kuwa na Jeremy Brett ne, kashi 41 da kamfanin Granada ya shirya daga 1984 zuwa 1994. Sun koma ga zanen Paget, suka ba shi dogon siririn lofe, kuma za ka gan shi da sigari a wasu wuraren, kamar yadda Doyle ya rubuta.

Ba zan ɓoye maka ba, hayaƙin nan da ke kyau a fim yana kisa a zahiri. Lofe yana jawo sankarar baki da maƙogwaro da huhu, ko da mutum bai haɗiye hayaƙin ba. Tun 1950 bincike ya fara tabbatar da alaƙar taba da sankarar huhu, Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, sannu a hankali masu shirya fim suka riƙa janye jiki. Da BBC ta dawo da Holmes cikin Landan ta zamani a 2010, Benedict Cumberbatch bai riƙe lofe ba. Ya kwanta a kujera, ya naɗe hannun riga, sai ga filasta uku na masu son barin taba manne a damtsensa, a madadin lofe ukun nan na 1891.