Ku Tambaye Mu: Gaton Gyaɗa Marar Fulawa da Batun Garin Kolajin

Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan daga Damagaram da kewaye sun taru a kan abu guda, wato ƙananan gato na gwangwani da ake yi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ba tare da fulawa ba, wasu kuma har da garin kolajin a ciki, wato furotin ɗin da ake cirowa daga fatar dabba ko kifi. Mun tsamo guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce maigidana ya rage fulawa da sukari saboda ciwon sukari, shi kuwa shayin safe ba ya shiga masa sai da ɗan abin haɗawa. Na ji ana yin gato da gyaɗa zalla. Da gaske zai tashi ba fulawa? Don Allah ku ba ni ma'auni. (Daga wata uwargida, unguwar Birni)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Zai tashi sarai. A gaton da kika saba, fulawa ce ke riƙe jikinsa. A wannan kuwa ƙwai ne ke yin aikin: zafi na shigarsa sai ya daskare, ya kama iskar da lebur ta saki, ita kuma gyaɗa ta ba shi kauri da maiƙo. Shi ya sa ba a rowar ƙwai a nan.

Ga ma'aunin guda 8: markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 250, wato kamar cikin kofi ɗaya mai ɗaukar mililita 240, ƙwai 3 manya, garin kolajin giram 30, kusan babban cokali 5 zuwa 6 a shafe, eritiritol giram 60 a madadin sukari, madara ko ruwa babban cokali 4, lebur ta gato ƙaramin cokali 1 da rabi, gishiri ɗan tsunkule, sai banila in kina so. Ki lura, lebur ta gato muke nufi, farar hodar nan ta cikin ƙaramar takarda. Yis na burodi ba zai yi komai a nan ba, domin sukari da fulawa yake ci kafin ya kumbura, kuma babu su.

Ki fara kunna obin ya kai digiri 170. Ki fasa ƙwan a kwano ki zuba abin zaƙin, ki kaɗa kamar minti 3 har ya yi kumfa ya ɗan yi fari. A wani kofi ki dama kolajin da madarar har gudajin ya ɓace, ki juye cikin ƙwan. Sannan ki kawo gyaɗar, bayan kin juya ta da kyau man da ya taso sama ya koma cikinta. Lebur da gishiri su ne na ƙarshe. Ki juya da muciya ko cokali, da zarar launin ya zama ɗaya ki tsaya.

Wannan tsayawar ita ce sirrin abin. Kin san yadda masu ƙuli-ƙuli ke fitar da mai: su yayyafa ruwan zafi a kan markaɗen, su yi ta tuƙawa har ya dunƙule, man ya tsattsafo. To abin da zai faru a kwanonki ke nan in kika sa ruwan zafi ko kika yi ta bugun ƙullun bayan gyaɗa ta shiga. Za ki ga ya fara sheƙi yana barin jikin kwano, mai yana taruwa a gefe. Ƙullun da ya kai nan gatonsa zai fito da tauri, gindinsa jiƙe da mai. Don haka madarar ta zama mai sanyin ɗaki, ƙwan ma haka, juyin kuma kaɗan.

Ki shafa wa gwangwanaye mai ko ki sa takardar gato, ki cika kashi biyu cikin uku. Gashi minti 15 zuwa 18. Kada ki buɗe obin kafin minti 12. In kin soka tsinke ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima, ya yi. In kika jira tsinken ya fito tas, ya riga ya bushe. Ki bar su a gwangwani minti 10 kafin ki ciro, domin da zafinsu ruguzawa suke yi.

Kowane ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 zuwa 7 na sitaci da sukari, wanda wani kaso nasa harza ce da jiki ba ya mayarwa sukari, sai furotin giram 13 zuwa 14. Sitaci da sukarin da ke cikin gaton fulawa mai girmansa yakan ninka wannan sau da yawa. Amma akwai kalori wajen 230 a kowane ɗaya, domin rabin nauyin gyaɗa mai ne. Guda ɗaya da shayi marar sukari ya isa karin kumallo. In maigida yana allurar insulin ko yana shan ƙwayar rage sukari, a sanar da likitansa cewa an canza masa abincin safe, saboda rage sitaci ba tare da daidaita magani ba yana iya sa sukarin ya faɗi ƙasa da ƙima.

Tambaya: Shi wannan kolajin mene ne asalinsa? Ya halatta? Kuma in ban samu ba fa? (Daga wani malamin makaranta, Matamaye)

Amsa: Malam, ka yi tambayar da ta kamata kowa ya yi kafin ya buɗe gwangwanin. Kolajin furotin ne da ke cikin fata, jijiya, guringuntsi da ƙashi. Shi ne ke sa romon ƙafar saniya ko na ganda ya daskare idan ya kwana. Na sayarwa ana ciro shi daga fatar shanu, ko fata da ɓawon kifi, ko fatar alade, sannan a farfasa shi ƙanana yadda zai narke ko a ruwan sanyi. Ka karanta jikin gwangwanin: a kayan da ke da rubutun Faransanci za ka ga bovin ga na shanu, marin ko poisson ga na kifi, porcin ga na alade. Na kifi ba shi da batun yanka, shi ya fi kwanciyar rai. Na shanu ka nemi mai tambarin halal. Wanda bai faɗi asalinsa ba, ko aka ƙulla shi a leda babu suna, mu dai shawararmu a bar shi.

Game da amfaninsa, a rage buri. Ciki yana narkar da shi kamar kowane furotin, ba ya tafiya kai tsaye ya zauna a fuska ko gwiwa. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna ɗan sauƙi a ciwon gaɓoɓi da laushin fata ga masu shan giram 2.5 zuwa 15 kullum na tsawon makonni, sai dai da yawansu kamfanonin da ke sayar da shi ne suka ɗauki nauyinsu. Gato ɗaya na wannan ma'aunin bai kai giram 4 ba. Haka kuma kolajin ba cikakken furotin ba ne, ba shi da sinadarin tiriftofan, don haka ba ya maye gurbin ƙwai, nama, kifi ko wake. Jiki kuma ba ya gina nasa kolajin sai da bitamin C, wanda ke cikin lemun tsami, gwaba da tumatir, kuma duk suna kasuwar Dole da araha. Mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa furotin ya tambayi likita tukuna.

In ba ka samu ba, ka cire shi kawai, ka rage madarar zuwa cokali 2. Gaton zai fito lafiya, har ma ya fi laushi. Abin da ba a yi shi ne a musanya shi da jelatin. Asalinsu ɗaya, amma jelatin yana daskarewa in ya huce, gaton ya koma kamar roba.

Tambaya: Na gwada sau biyu. Yana tashi da kyau a cikin obin, ina fitar da shi sai tsakiyar ta lotsa, cikin yana danƙo, saman kuma ya yi baƙi. Na ƙara kolajin na rage ƙwai ɗaya don na ga duk furotin ne. Ina kuskuren? (Daga wata ƴar'uwa, Sabon Gari)

Amsa: Ƴar'uwa, kin faɗi kuskuren da bakinki. Furotin ɗin ƙwai yana daskarewa da zafi, na kolajin da aka farfasa kuwa narkewa yake yi ya zauna kamar ƙaro. Kin cire abin da ke riƙe gaton kin ƙara abin da ke jiƙa shi. Ƙa'idar ita ce kada kolajin ya wuce giram 10 zuwa 12 ga kowane ƙwai ɗaya. Ya wuce haka, danƙo ne.

Baƙin saman ma daga nan yake. Ƙullun da furotin ya yi wa yawa yana saurin yin ja, ga shi gyaɗar an riga an soya ta sau ɗaya. Sai ido ya ce ya gasu alhali cikin ɗanye ne. Ki sauko da wuta zuwa digiri 165, ki sa farantin a tsakiyar obin, in saman ya fara duhu a minti 12 ki ɗora takardar alminiyam a kai ba tare da kin danne ba.

Akwai wasu dalilai biyu na lotsawa. Lebur in ta yi yawa, gaton yana tashi da sauri fiye da yadda ƙwai zai iya riƙewa, sai ya faɗo. In kuma ta tsufa, ba ya tashi sam. Ki gwada rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ki zubar. Wadda za ta yi da bikarbonat, rabin ƙaramin cokali ya isa, tare da ƙaramin cokali 2 na ruwan lemun tsami, in ba haka ba za a ji ɗanɗanon sabulu. Kanwa kuwa a bar ta a miya da ɗanwake, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule.

Tambaya: Eritiritol ɗin nan ba na ganinsa a nan. Zan iya sa zuma ko dabino? (Daga wata mai karatu, Mirriya)

Amsa: Za ki iya, zai ma yi daɗi, amma ya tashi daga abincin mai ciwon sukari. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, busasshen dabino kuma ya haura kashi 60. Eritiritol da sitibiya, wani abin zaƙi da ake cirowa daga ganye, an fi samunsu a manyan kantuna da farmasi, ko a yi saƙo daga Yamai ko Kano. Sitibiya zalla ta fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, ɗan kan cokali ake sa wa, in ta yi yawa ɗaci take. Ƙwayoyin zaƙin shayi masu asfatam ba sa jure zafin gashi, zaƙin yana gudu. In duk babu, ki yi na gishiri: ki bar abin zaƙin gaba ɗaya, ki sa rabin ƙaramin cokali na gishiri, ɗan garin citta da ɗan barkono, ki barbaɗa riɗi a sama. Da shayi yana tafiya sosai.

Tambaya: Ba ni da obin, gawayi nake amfani da shi. Sannan tigadigen kasuwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, zan saya ko tunkuza ma ta yi? (Daga wata uwargida, Magariya)

Amsa: Hajiya, ke da kike tsakiyar ƙasar gyaɗa, ki yi naki markaɗen. Giram 300 na ɓararriyar gyaɗa zai ba ki abin da ake bukata. Ki baza ta a faifai ki tsince da idonki: duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko ƙwaro ya huda, ki jefar. Wannan tsintar ba ta kwalliya ba ce. Gyaɗar da ta sha laima a ajiya tana kama wata fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ko gashi ba sa kawar da ita duka. A markaɗen da aka riga aka yi ba a iya ganin abin da ya shiga, kuma sau da yawa ƙananan da aka ware ne ake kaiwa inji. In dole sai kin saya, ki saya a wurin wadda kika san yadda take aikinta, ki shinshina, ki ɗanɗana; ɗaci ko warin tsohon mai alamar a bari ne.

Ki soya ta sama-sama, daidai yadda ɓawon zai murje cikin ya yi ruwan zuma mai haske, tunda za ta sake shiga wuta. A wurin inji ki sa a wanke bakinsa ko a fara wuce wata ƴar gyaɗa a ware, don kada ragowar barkono ko hatsi ta biyo. Tunkuza an riga an matse manta, ita kaɗai gaton zai bushe ya shaƙe wuya. In ita ce a hannu, ki mayar mata da man gyaɗa babban cokali 3 zuwa 4 a kan giram 250, ki ƙara madara cokali 2.

Batun gawayi, ki sami tukunya mai kauri da murfi mai rufuwa sosai. Ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsu uku, ki rufe ta yi zafi minti 15. Don gwada zafin, ki sa ɗan garin gero a murfin gwangwani ki ajiye ciki: in ya yi baƙi cikin minti 1 wutar ta yi yawa, in ya yi ja-ja a kamar minti 5 ta yi daidai. Ki ɗora faranti a kan yashin sannan ki jera gwangwanayen, kada su taɓa jikin tukunya. Ƙananan gwangwanayen madara sun yi, in babu tsatsa kuma an daddaƙe bakinsu mai kaifi. Garwashin ƙasa ki rage shi, ki ɗora mafi yawa a kan murfi, saboda wannan ƙullun gindinsa ne ke fara ƙonewa. A tukunya yakan ɗauki minti 20 zuwa 25, ki duba a minti 18.

Ajiya kuma ta danganta da lokaci. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, kada ya wuce kwana ɗaya a waje, don ƙwai da laima ne a cikinsa. A firigo yana kwana 4 zuwa 5 cikin roba mai murfi. Da hunturu yana iya kwana biyu a ɗaki, amma a rufe, in ba haka ba iska za ta busar da shi kafin la'asar. In akwai yaro ko babba a gidan da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada a ba shi ko ɗan gutsure, kuma a ware cokali da kwanon da aka yi aikin da su.