Aksil guda ko ƙafafu masu cin gashin kansu: wanne ya fi a kan duwatsu?

Ka tambaya wanne ya fi juriya a hanyar duwatsu. Aksil guda ne, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayar dama da ta hagu a mota, irin na Land Cruiser 70. In taya ɗaya ta hau dutse, ɗayar sai ta danne ƙasa, kuma gaɓoɓin da za su lalace kaɗan ne.

Ƙafafu masu cin gashin kansu, wato waɗanda kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai, sun fi daɗi a gargada, amma rauninsu robar shaf ce, wato robar da ke rufe gaɓar ƙarfen da ke juya taya. Da ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas in ka juya sitiyari. Ɗaga motar fiye da santimita 5 yana ƙara karkatar da shaf ɗin, ya ci shi da wuri.

Sai dai ko wanne ka ɗauka, in babu makullin aksil, wato na'urar da ke sa tayoyin biyu su juya tare, tayar da ke sama ce za ta yi ta juyawa a banza. Kada ka kulle shi a kan kwalta.