Tambaya da Amsa: Dogayen Benaye a Tsoffin Unguwannin Bakin Ruwa

Tambaya: Na ji cewa sabon filin ƙwallon Everton ne ya sa UNESCO ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, filin ya zo ne bayan gari ya riga ya waye. UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa gaɓar Liverpool a jerin a 2004 saboda tsoffin tasoshin jiragen ruwa da rumbunan ajiya da ke bakin kogin Mersey, inda jiragen cinikin bayi suka riƙa tashi zuwa Afirka ta Yamma a ƙarni na 18. A 2012 hukumar birnin ta amince da shirin sabbin gine-gine a gaɓar mai suna Liverpool Waters, na fam biliyan 5.5, a fili mai hekta 60, har da bene mai hawa 55. A shekarar UNESCO ta sa wurin cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Daga baya aka yarda a cike tsohuwar tashar Bramley-Moore da yashi don filin Everton, kuma a Yulin 2021 kwamitin UNESCO mai kula da jerin ya cire sunan da ƙuri'a 13 a kan 5. UNESCO ba ta da ikon hana izinin gini ko soke shi, wannan na hukumar tsara gari ne, kuma a can ake cin nasara ko a faɗi.

Tambaya: Gidan gadonmu yana tsibirin Legas, kusa da ruwa. Za a fara dogon bene a bayanmu. Me zai iya samun gidan, kuma me za mu yi? (Wata Hajiya daga Legas)

Amsa: Hajiya, ɓarnar takan fara daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar bakin ruwa yashi ne da laka, ruwa kuma yana kusa da sama. Idan 'yan kwangila suka zuƙe ruwan da injin don haƙa ramin harsashi, ƙasar da ke ƙarƙashin gidanku sai ta matse, gini ya sunkuya gefe guda. Alamarsa tsaga mai karkata daga kusurwar taga, da ƙofa mai ƙin rufuwa. Na biyu shi ne girgizar buga turakun kankare, wadda tsohon bulo da farar ƙasa ba sa jurewa.

Kafin a kawo injin ko ɗaya, ku ɗauki injiniya mai rajista ya duba gidan ɗaki-ɗaki, ya ɗauki hoto mai kwanan wata, ya auna kowace tsaga, ya sa hannu. In babu wannan takarda, za a ce muku tsagar tsohuwa ce. A manna ma'auni a kan tsagun ana dubawa kowane mako; wadda ta wuce milimita 5 ko take ƙara buɗewa, a nemi dakatar da aiki. Ku buƙaci a rubuce cewa turakun za a haƙa rami a zuba su ne, kada a buga. Ƙa'idar Jamus ta DIN 4150 ta kayyade girgiza a harsashin gini mai rauni kan milimita 3 a daƙiƙa, kuma kuna iya neman a yi aiki da ita.

Gida ɗaya dai ba ya iya wannan faɗa, sai unguwa ta haɗa kai ta kai ƙorafi a rubuce tun izini bai fita ba. Ku nemi a shata iyakar tsohuwar unguwar a taswira, da wani yanki kewaye da ita inda za a taƙaita gini, domin bene da ke wajen iyaka ma yana tare iska da hasken rana. Iyakar tsayi a rubuta ta da mita daga matakin titi. In aka ce "hawa huɗu" kawai, mai gini zai ɗaga kowane hawa, ya ɗora tankuna da ɗakin injin a sama.

Kada kuma ku saki jiki don gini yana cikin rajistar wuraren tarihi. Ilojo Bar da ke kusa da Dandalin Tinubu, mai fasalin ginin Barazil, an ayyana shi abin tarihin ƙasa tun 1956, amma a Satumban 2016 aka rushe shi, abin takaici matuƙa. Ku sa mutum biyu ko uku masu bibiyar takardun izini a ofishin tsara gari, ku kuma ajiye kwafin kowace wasiƙa da hatimin karɓa.